Hutun Bazara a Holan: Zumunci Kafin Kallo

Ƙasar Holan, wadda a hukumance ake kira Netherlands, ba ta kai murabba'in kilomita 42,000 ba ko da an haɗa da ruwayen da ke cikinta, wato Jihar Kaduna kaɗai ta fi ta faɗi, amma mutanen da ke zaune a cikinta sun kai kimanin miliyan 18. Wannan matsatsi ne ya sa garuruwanta suka yi kusa da juna matuƙa, ta yadda jirgin ƙasa yakan ɗauki mutum daga Amsterdam zuwa Utrecht cikin ƙasa da rabin sa'a, daga Leiden zuwa Delft kuwa cikin kimanin minti ashirin, har ma Maastricht da ke can ƙuryar kudu ba ta wuce tafiyar sa'a biyu da rabi daga Amsterdam ba. Mai ziyara da ya ga haka yakan ruɗu, ya cika jadawalinsa da sunayen garuruwa da fadoji, ya tura dangi da tsofaffin abokai zuwa ragowar lokaci, kamar dai gaisuwar da ake yi a tsaye a bakin ƙofa. Ra'ayin da wannan maƙala take kai shi ne cewa tsarin nan juyayye ne, domin zumunci ne ya cancanci zama ginshiƙin tafiyar, a rataya masa garuruwa da fadoji, kuma wanda ya yi haka zai fi ganin ƙasar kanta fiye da wanda ya yi ta gudu daga wannan gidan tarihi zuwa wancan.

Bazarar Turai, wadda takan fara a watan Yuni ta ƙare a ƙarshen Agusta, tana faɗowa ne daidai lokacin damina a ƙasar Hausa, kuma a Holan yanayi ne mai sauƙin zafi, wanda galibi ma'auni ba ya wuce digiri 22 ko 23 da rana, ruwan sama kuma yana iya tsinkewa a kowane lokaci ba tare da hadari mai ban tsoro ba. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne tsawon yini, domin a ƙarshen Yuni rana takan fito wajen ƙarfe biyar da minti ashirin, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, abin da yake nufin Musulmi zai yi sallar magariba a lokacin da a gida an daɗe da rufe ƙofofi, sannan asuba ta riske shi kafin barci ya yi nisa. Makarantun firamare suna samun hutun mako shida, amma an raba ƙasar yanki uku, arewa da tsakiya da kudu, kowanne da ranar da yake farawa, don kada hanyoyi su cushe a rana guda. A watan Mayu kuma ma'aikata sukan karɓi kuɗin hutu, wanda doka ta ƙayyade da aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashin shekara. Ma'anar wannan ga mai ziyara a fili take: waɗanda ya zo dominsu su ma lokacin tafiyarsu ne, kuma idan bai tsayar da rana da su tun da sanyi ba, yana iya tarar da gida a kulle, masu shi suna Faransa a cikin tanti. Wanda ya zo don furannin tulip da ƙasar ta yi suna da su shi ma ya makara, tun da lambun Keukenhof yakan rufe ne a tsakiyar Mayu.

Masu zuwa Holan don ganin dangi iri-iri ne, kuma tarihinsu tarihin ƙasar ne a ƙarni na 20. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gidaje suka yi ƙaranci kuma manoma suka rasa filaye, gwamnati da kanta ta ƙarfafa ƙaura har tana tallafa wa masu tafiya, mutane kusan rabin miliyan suka watsu zuwa Kanada da Ostareliya da Amurka da New Zealand da Afirka ta Kudu, kuma 'ya'yansu da jikokinsu ne suke dawowa yau suna neman gidan kaka a wani ƙauyen Friesland ko Zeeland, da guntun harshen da suka tsinta a bakin iyaye. A ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda suka shigo: mutanen Indonesiya bayan 'yancin ƙasarsu, da leburorin Turkiyya da na Maroko bisa yarjejeniyoyin 1964 da 1969, da mutanen Surinam a kusa da 'yancin 1975, sai 'yan Ghana da 'yan Najeriya da suka yi yawa a unguwar Bijlmer ta kudu maso gabashin Amsterdam. Akwai kuma tsofaffin ɗalibai, domin injiniyoyin ruwa da yawa daga Afirka sun yi karatu a cibiyar nazarin ruwa ta Delft da aka kafa a 1957, wasu sun karanta aikin gona a Wageningen, kuma a irin waɗannan wurare ne ake ƙulla abotar da takan jawo mutum ya dawo bayan shekara ashirin da furfura a ka.

Abin da ya fi girgiza baƙon da ya taso a inda sallama kaɗai ta isa ta buɗe masa ƙofa shi ne yadda mutanen Holan suke tsara ziyara. Ba a faɗo wa mutum gida haka kawai, ko da kuwa ɗan'uwa ne na jini; ana buga waya ko a aika saƙo, mai gida ya buɗe littafin da yake rubuta alƙawuransa, a duba, a ce Talata mai zuwa da ƙarfe uku, ko Asabar ta bayan mako biyu. Idan an zo, akan kawo kofi ko shayi da biskit, a zauna a yi hira mai tsawo, amma da ƙarfe shida ta matso, lokacin da yawancin gidaje suke cin abincin dare, wanda ba a gayyata cin abinci ba ya san lokacin tashi ya yi, domin an auna dankali da nama daidai yawan mutanen gida tun da rana. A bikin ranar haihuwa akan jera kujeru a zagaye cikin falo, duk wanda ya shigo ya bi kowa da kowa yana yi masa murna, har maƙwabci da suruki, kuma a gidaje da yawa akwai kalandar ranakun haihuwar dangi rataye a bayan ƙofar banɗaki, wurin da mai gida ba zai iya kwana biyu bai gan ta ba.

Da sauƙi a kira wannan rowa ko rashin sakin fuska, amma hukuncin bai yi adalci ba. Al'ummar da ta saba da agogo tun kafin jirgin ƙasa ce, domin tun 1632 jiragen ruwa da dawakai suke ja daga bakin gaɓa suna zirga-zirga tsakanin Amsterdam da Haarlem bisa lokaci ƙayyadadde, sama da shekara ɗari biyu kafin a shimfiɗa layin dogo na farko tsakanin biranen biyu a 1839. Mutumin da ya rubuta sunan baƙo a littafinsa ya keɓe masa wannan yammaci gaba ɗaya, ba zai bar shi a falo da talabijin ya fita wata sabga ba, kuma ba zai yi ta amsa waya ana tsakiyar magana ba. Tsohon abokin da aka rabu da shi shekaru da dama yakan fito da hotunan makaranta, ya tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya faɗi ra'ayinsa kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba, ko da a kan ƙibar da baƙon ya yi ne. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma mutanen Holan ba su musanta haka ba, sun dai ƙara masa sharaɗin a san ranar da ƙafar za ta iso.

Duk da haka tsarin yana da tsada, kuma ƙasar da kanta ta san da ita. Kusan gida huɗu cikin kowane goma a Holan mutum ɗaya ne tak a cikinsa, da yawansu tsofaffi waɗanda abokan zamansu suka rasu, 'ya'ya kuma suka yi nisa ko aiki ya sha musu kai. A 2018 ma'aikatar lafiya ta ƙaddamar da shiri na musamman don yaƙi da kaɗaici a tsakanin tsofaffi, kuma a 2019 wani babban kantin sayar da kayan abinci ya buɗe layin biyan kuɗi na masu son hira, inda ba a hanzarta kowa, don tsohuwar da ba ta yi magana da kowa ba tun safe ta sami abokin zance. Inda littafin alƙawura ya cika da aiki da motsa jiki da taro, wanda ba shi da abin bayarwa sai labarin dā shi ne yakan rasa gurbi. A nan ne ziyarar bazara take da nauyin da mai yin ta ba kasafai yake ganewa ba, domin gwaggon da ke gidan kula da tsofaffi a Zwolle, wadda za a iya tsallakewa don a ga wani gidan tarihi, wataƙila tun watan Maris take lissafin zuwan wannan rana, kuma babu tabbacin za a same ta a bazara ta gaba.

Garuruwan kansu sun fi buɗuwa ga wanda ɗan gari yake ja wa gora. Leiden misali ce mai kyau. Kowane littafin yawon buɗe ido zai faɗi cewa sojojin Sifen sun yi wa garin ƙawanya har yunwa ta kashe dubban mutane, aka ceto shi ranar 3 ga Oktoba 1574 bayan an fasa shingayen ruwa jiragen 'yan tawayen Holan suka shigo ta kan gonaki, cewa an kafa jami'arsa a 1575, kuma a nan aka haifi mai zane Rembrandt a 1606. Abin da baƙo shi kaɗai zai wuce bai lura ba shi ne ƙananan ƙofofi da ke jikin bangayen lunguna, waɗanda idan aka tura su ake faɗawa cikin tsakar gida mai lambu, kewaye da 'yan gidaje goma sha biyu ko fiye, da tsohon famfon ruwa a tsakiya. Waɗannan su ne ake kira hofjes, gidajen da attajirai suka gina suka bar su a matsayin wakafi don tsofaffi marasa galihu, akwai kusan 35 a Leiden, kuma har yau mutane suna zaune a cikinsu, shi ya sa ake shiga da murya ƙasa-ƙasa. Abokin da ya yi shekaru a garin ne ya san wace ƙofa ake turawa da kuma lokacin da ya dace.

A Delft, bangon Prinsenhof yana ɗauke da ramukan harsashin da aka harbi Yarima William na Orange da shi ranar 10 ga Yuli 1584, mutumin da ya jagoranci tawayen da ya haifi ƙasar, kuma a babbar majami'ar da ke dandalin kasuwa aka binne shi, inda ake binne zuriyarsa ta gidan sarauta har yanzu. Garin ya haifi mai zane Vermeer da Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi wanda ya fara ganin ƙananan halittun da ido ba ya iya gani da gilashin da ya goge da hannunsa, dukansu a shekarar 1632. Gouda tana da kasuwar cuku ranar Alhamis da safe a watannin bazara, wadda a yau wasan kwaikwayo ce don baƙi fiye da ciniki, kuma sa'a biyu sun ishe ta. Rotterdam kuwa ba ta da tsohuwar tsakiya, domin jiragen Jamus sun ƙone ta ranar 14 ga Mayu 1940, kuma wanda ya zauna da dattijon da iyayensa suka ga wannan rana zai kalli dogayen benayen gilashin birnin da wani ido daban.

Fadojin ƙasar, wato manyan gidajen masu sarauta na dā waɗanda aka gina da jan bulo aka kewaye su da rami mai cike da ruwa tun da babu duwatsun da za a fake a kansu, su ma labarinsu ya fi karkata ga baƙunci fiye da yaƙi. Muiderslot, a bakin kogin Vecht kusa da Amsterdam, basarake Floris na Biyar ne ya fara gina ta wajen 1280, kuma a cikinta manyan ƙasarsa suka tsare shi a 1296 kafin su kashe shi. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne zaman marubuci Pieter Corneliszoon Hooft, wanda ya riƙe ta daga 1609 zuwa 1647, yana gayyatar abokansa mawaƙa da masana su zo su yi kwanaki a lokacin bazara ana karatu da kiɗa da muhawara. A 1825 an yi niyyar sayar da ita a rushe, Sarki William na Ɗaya ya hana, kuma tunawa da wannan majalisa ta abokai tana cikin abin da ya sa aka ga darajarta.

De Haar da ke kusa da Utrecht, wadda ta fi kowace fada girma a ƙasar, kango ce a ƙarshen ƙarni na 19, sai magajinta Etienne van Zuylen, wanda ya auri Hélène ta gidan Rothschild masu banki, ya sa Pierre Cuypers, mai zanen gidan tarihi na Rijksmuseum da babbar tashar jirgin Amsterdam, ya sake gina ta tsakanin 1892 da 1912, da lantarki da na'urar ɗumama ɗakuna. Duk wannan dukiya an kashe ta ne don wata guda a shekara, domin iyalin a waje suke zaune, sai Satumba su zo su tara dangi da baƙi, kuma ko da suka miƙa fadar ga wata gidauniya a shekarar 2000 sun riƙe haƙƙin zaman wannan wata. Bai kamata kyan lambun ya mantar da mai kallo cewa ƙauye guda, Haarzuilens, aka tayar aka sake gina shi can gefe a 1898 don kada ya tare wa masu fada kallo ba. Loevestein kuwa, a mahaɗar kogunan Maas da Waal, kurkuku ce ta manyan fursunonin siyasa, kuma daga cikinta ne masanin shari'a Hugo Grotius ya tsere a 1621 cikin akwatin littattafai bisa dabarar matarsa Maria van Reigersberch, wadda ta zaɓi zama tare da shi a tsare. Aikin da ya wallafa a Faris a 1625 kan dokokin yaƙi da sulhu yana cikin tushen dokar ƙasa da ƙasa, wadda kotunta da ke birnin Hague ta yanke hukuncin Bakassi tsakanin Najeriya da Kamaru a watan Oktoba 2002.

Tsakanin gari da gari akwai ƙasar kanta, wadda kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata yana ƙasa da matakin teku, kuma a kan keke aka fi fahimtarta, tun da kekuna sun fi mutane yawa kuma kusan kowane gida yana da na aro. Filin jirgin Schiphol da baƙo ya sauka a cikinsa gindin wani tafki ne da aka tsotse a 1852. Irin wannan fili da aka kewaye da shinge aka janye ruwansa shi ake kira polder, kuma mai tuƙa keke yakan ga ruwan magudana yana gudana sama da kan shanun da ke kiwo a gefensa. Hukumomin ruwa 21 ne suke kula da wannan aiki, ana zaɓen wakilansu, suna karɓar harajinsu na kansu, kuma ta Rijnland tana da takardar izini tun 1255. Ambaliyar daren 31 ga Janairu 1953 ta kashe mutum 1,836, kuma a Zeeland har yanzu akwai gidajen da za a nuna wa baƙo hoton wanda ruwa ya tafi da shi.

Akwai kuma abin da kyawawan gidajen bakin magudanun Amsterdam ba sa faɗi da kansu. Kamfanin Yammacin Indiya da aka kafa a 1621 ya ƙwace sansanin Elmina a gaɓar Ghana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, Holan ta riƙe shi har 1872, kuma jiragenta sun kwashe 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa bauta, wadda ba ta haramta a Surinam da tsibiran da take mulka ba sai 1 ga Yuli 1863. Firayim Minista Mark Rutte ya nemi gafara a watan Disamba 2022, Sarki Willem-Alexander ya bi sahu ranar 1 ga Yuli 2023 a taron tunawa da ake yi kowace bazara a lambun Oosterpark, kuma a 2025 ƙasar ta mayar wa Najeriya kayan tagulla na Benin guda 119. Baƙo ɗan Afirka yana da haƙƙin ya kawo wannan zance a teburin abokinsa, kuma mutanen da suke alfahari da faɗin gaskiya kai tsaye ya kamata su iya sauraronta. Wata alaƙar ta fi taushi: a garin Helmond, daf da tsohuwar fadar garin ta ƙarni na 14, masana'antar Vlisco take, wadda aka kafa a 1846, ta fara da kwaikwayon rinin batik na tsibirin Java, ta ƙare tana buga atamfa 'yar Holan da uwar ango take nema a Kantin Kwari don ta zama ƙawar akwatin lefe, alhali yawancin mutanen ƙasar ba su taɓa ɗaura ta ba.

Bin dangi zuwa Deventer ko Helmond ko wani ƙauyen Groningen yana kuma rage wa Amsterdam nauyi, birnin da bai kai mutum miliyan ɗaya ba amma baƙi suka yi masa yawa har majalisarsa ta ƙayyade kwanan baƙi miliyan 20 a shekara a 2021, ta kuma ɗaga harajin masauki zuwa kashi 12.5 cikin ɗari a 2024. Sai dai nauyin da aka ɗauke wa birni yakan koma kan mai masauki, kuma wajibi ne baƙo ya san girmansa. Ga wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar ko Ghana, bizar Schengen, wato izinin shiga rukunin ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, tana cin yuro 90 tun 2024 kuma ba ta wuce kwana 90 ba, sau da yawa kuma sai ɗan'uwan da ke can ya je ƙaramar hukumarsa an tabbatar da sa hannunsa a takardar lamuni, ya haɗa da shaidar albashinsa. Mafi ƙarancin hutun da doka ta ba mai cikakken aiki kwana 20 ne a shekara, saboda haka kawun da ya ɗauki mako guda don ya zaga da baƙo ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu na hutunsa, a ƙasar da take fama da ƙarancin gidaje kusan 400,000, inda ɗakin baƙo galibi ɗakin yaro ne da aka mayar kan kujerar falo. Sayen cefane na mako, ko biyan tikitin jirgin ƙasa na kowa a ranar zuwa fada, ko dafa tuwo da miyar kuka da aka taho da garinta daga gida, abubuwa ne da ake karɓa a can da farin ciki, ba a ɗaukarsu a matsayin raina mai gida.

A ƙarshen Agusta makarantu sukan fara komawa yanki bayan yanki, abokai su koma aiki, yini ya fara gajarta. Wanda bizarsa ta kai tsakiyar Satumba zai riski ƙarshen mako na biyu na watan, lokacin da tun 1987 ake buɗe dubban tsofaffin gine-gine kyauta, har da gidaje da hasumiyoyi da injinan iska waɗanda a sauran shekara suke rufe, kuma tun da Asabar da Lahadi ne, masu masauki suna iya rakiya ba tare da sun taɓa kwanakin hutunsu ba.